Na ce wa Baba na samu tallafin karatu a Ingila, alhali ban samu ba

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 22 daga Arewa, ina aji uku a wata jami'a a Kudu. Karatun lauya na nema, sai aka ba ni sashen da ake koyar da Latinanci da tsohon Girkanci da tarihin mutanen Rum da Girka. Na karɓa da niyyar in sauya bayan shekara ɗaya, amma karatun ya shiga raina. Yanzu ni ne na biyu a ajinmu. Girkancin ma bai ba ni wuya ba, don na yi nahawun Larabci a zaure tun ina yaro, i'irabi ba baƙona ba ne.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, kuma kasuwar ta ja baya. Tun farko bai so karatun nan ba. Cewa yake yi harsunan da masu su suka mutu da labarin gumaka ba sa ciyar da gida. Yayata, ma'aikaciyar jinya, ita ke biyan yawancin kuɗin makarantata. Bara na ga jerin kyaututtuka da tallafin karatu na ɗaliban Latinanci da Girkanci a intanet, na nemi guda shida. Huɗu ba su amsa ba, biyu suka ce ban cancanta ba. Da na je hutun sallah Baba ya matsa mini in dawo shago ko in sake JAMB, sai bakina ya suɓuce na ce masa na samu tallafin zuwa Ingila da zarar na gama. Ya yi murna har ya gaya wa abokansa a masallaci. Yanzu wani da muka haɗu a WhatsApp ya ce zai samo mini gurbin idan na biya naira 450,000 kuɗin aiki. Yaya ta ce za ta ba ni kwasar adashinta, ita ma ba ta san gaskiyar maganar ba. Barci ya gagare ni. Shin akwai tallafi na gaske ga irina, ko in haƙura da karatun? Kuma yaya zan yi da Baba?

Ɗalibi mai neman mafita

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai, kada ka tura wa mutumin nan ko sisin kwabo, kuma kada ka karɓi kwasar adashin Yayarka. Babu wata jami'a ko gidauniya ta ƙwarai da ke sayar da gurbin tallafin karatu ta hannun ejan, balle ta karɓi kuɗi ta asusun wani mutum. Duk tallafin da zan ambata maka a ƙasa, kai da kanka za ka cike takardarsa a shafin jami'ar, kuma kwamitin malamai ne ke zaɓe, ba ɗan tsakiya ba. Idan ka biya, abu biyu ne zai faru: ko ya ɓace, ko ya aiko maka da takarda mai tambarin jami'a ta bogi, sannan ya nemi ƙarin kuɗin biza, daga nan na inshora, har sai aljihun Yaya ya ƙare. Takardar bogi kuwa idan ta kai ofishin jakadanci, za ta iya toshe maka hanyar da wataƙila da ta buɗu maka da gaskiya nan da shekara biyu. Ka toshe lambarsa yau ɗin nan. Na san abin da ke jan ka gare shi: kana so maganar da ka gaya wa Baba ta zama gaskiya kafin ya gano. Wannan matsin ne irin waɗannan mutane suke shinshinawa su bi.

Yanzu ga amsar da ta fi damun ka, wato me ya sa wurare shida suka juya maka baya. Ina kyautata zaton ba ƙwazonka ne ya gaza ba. Yawancin kyaututtukan da ake jerawa a intanet na ɗaliban Latinanci da Girkanci, na 'yan gida ne. Kyautar Gaisford ta rubutun Girkanci, wadda aka kafa a 1855, ta ɗaliban Oxford ce kaɗai. Kyautar Porson da lambobin Browne na ɗaliban Cambridge ne. Gasar fassara ta ƙungiyar Eta Sigma Phi a Amurka, sai makarantarku tana da reshen ƙungiyar za ka shiga. Tallafin da babbar ƙungiyar malaman fannin ta Amurka ke bayarwa da sunan Frank Snowden, baƙar fatan farfesan nan na jami'ar Howard da ya yi fice wajen binciken matsayin baƙaƙen fata a zamanin Girkawa da Rumawa, shi ma na ɗaliban da ke karatu a can ne. Ka ga ke nan kalmar "ba ka cancanta ba" da suka rubuto maka, nufinta sunanka ba ya cikin rajistar makarantunsu, babu wanda ya auna Girkancinka ya ga ya kasa. Sannan ko da ka ci irin waɗannan, mafi yawansu kuɗi ne kaɗan na sayen littattafai ko na kwas ɗin bazara na 'yan makonni. Ba su ɗaukar nauyin mutum shekara guda. Ka ɓata wata da watanni kana ƙwanƙwasa ƙofofin da ba a gina su don kai ba, kuma wannan kuskure ne mai sauƙin gyarawa.

Kuɗi masu kauri a wannan fanni suna matakin digiri na biyu da na uku ne, kuma a nan ne ɗan Najeriya yake da damar shiga takara kafaɗa da kafaɗa da kowa. A Oxford akwai tallafin Ertegun, wanda aka kafa a 2012 don masu karatun adabi da tarihi da falsafa da harsuna, kuma fanninka yana ciki. Yana biyan kuɗin makaranta da na zama. Akwai kuma Clarendon, wanda ba ya buƙatar wata takarda ta daban, duk wanda ya nemi gurbi kafin wa'adin Disamba ko Janairu ana duba shi. A Cambridge akwai Gates, wanda aka kafa a 2000, yana ɗaukar kimanin mutum 80 a shekara daga ƙasashen duniya ban da Birtaniya, a kowane fanni. Akwai Rhodes na Afirka ta Yamma, sai dai gurabensa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma yana da iyakar shekaru, don haka ka duba sharuɗɗansa tun yanzu da kake 22. Biyu kuma da za ka ji abokai suna yawan ambata, kada ka dogara da su: Chevening yana neman shekara biyu ta aiki kafin ka nema, Commonwealth kuma ya karkata ga fannonin raya ƙasa irin su lafiya da noma da fasaha, da wuya Homer, mawaƙin tsohuwar Girka, ya samu shiga.

A Amurka tsarin daban ne. Manyan jami'o'in da ke ba da digirin digirgir a wannan fanni, idan suka ɗauke ka, su ke yafe kuɗin makaranta su kuma biya ka alawus, galibi na shekara biyar, kai kuma kana taimakawa da koyarwa. Ana iya nema kai tsaye da digirin farko. Wasu ma sun buɗe shiri na shekara ɗaya ko biyu, da tallafi, don ɗaliban da suka fito daga wuraren da ba su samu isasshen horo a harsunan ba. Sai dai a 'yan shekarun nan an tsaurara dokar bizar Amurka ga 'yan Najeriya, kuma tana yawan sauyawa, saboda haka ka bincika halin da ake ciki kafin ka kashe ko naira ɗaya a kan neman can. Jamus ma wuri ne babba a wannan ilimi. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, amma kafin a ba ka biza sai ka nuna kusan Yuro 12,000 a asusu na shekara ɗaya, sai fa in DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, ce ta ɗauki nauyinka. Akwai kuma wata makaranta a Frascati, kusa da birnin Rum, mai suna Vivarium Novum, inda ake ɗaukar samari shekara guda kyauta, da masauki da abinci, ba a magana da komai a cikinta sai Latinanci da Girkanci. Tana da iyakar shekaru ita ma, kuma kuɗin jirgi naka ne. In za ka nema, ka rubuta musu ka tambayi maganar abinci da wurin sallah tun da wuri. Ba digiri take bayarwa ba, amma wanda ya fito daga can yana karanta Cicero, shahararren marubucin Latinanci, ba tare da ƙamus a hannu ba.

Ba zan ɓoye maka ba, takarar nan mai zafi ce. Za ka kara da yaran da suka fara Latinanci tun suna shekara 11, waɗanda suka karanta littattafan da ɗakin karatunku ma wataƙila ba shi da su. In kai ma ka je musu da cewa kana son nazarin Virgil, mawaƙin Rumawa, ko wasan kwaikwayon Atina kamar kowa, takardarka za ta nutse cikin ɗaruruwa.

To amma ka ambaci wani abu a wasiƙarka a taƙaice, ka wuce shi kamar ba komai ba, alhali ni a wurina shi ne mafi tsada a cikin duk abin da ka mallaka: ka yi nahawun Larabci a zaure. Ɗana, ka san cewa wani babban kaso na ilimin Girkawa ta hannun masu rubutu da Larabci ya tsira? A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, shi da ɗansa da almajiransa sun fassara littattafan likita Jalinus da na Arisɗo da wasunsu. Akwai rubuce-rubucen Jalinus da asalin Girkancinsu ya ɓace, da Larabci kawai ake samun su yau. Kashi na biyar zuwa na bakwai na babban littafin lissafi na Apollonius ma haka, Larabcin ne ya rage. Daga baya a Andalus, musamman a Toledo a ƙarni na 12, aka juya da yawa daga Larabci zuwa Latinanci, Turai ta karanta Ibnu Sina da Ibnu Rushdi da shi. Wannan fage ne mai zaman kansa a jami'o'i, ana yin sa a Munich da Würzburg a Jamus, da Manchester, da cibiyar Warburg a Landan, kuma kullum matsalarsa ƙarancin masu haɗa harsunan. Mai Girkanci ba shi da Larabci, mai Larabci ba shi da Girkanci. Kai kana da ukun, ko aƙalla kana da harsashinsu. Ɗalibin da zai buɗe nassin Girkanci a dama, fassarar Larabci a hagu, ya nuna inda mai fassara ya sauya ma'ana da dalilin sauyawar, ba kowace shekara kwamitin zaɓe ke ganin irinsa ba.

Shawarata ita ce ka gina kundin bincikenka na aji huɗu a kan wannan. Ka zaɓi abu ƙarami wanda za ka iya riƙewa, ko da shafi goma ne na nassi ɗaya, ka kwatanta shi da fassararsa ta Larabci kalma bayan kalma. Wannan kundin shi zai zama samfurin rubutun da za ka aika, don duk inda za ka nema sai sun buƙaci ganin rubutunka, kuma shi suke karantawa da idon basira fiye da komai. In wannan fagen bai kwanta maka ba, akwai Afirka ta Arewa ta zamanin Rumawa: Terence ɗan Kartaj, Apuleius da Augustine 'yan ƙasar da take Aljeriya a yau, sarki Septimius Severus ɗan Libiya, da Garamantawan Fezzan da Herodotus, masanin tarihin Girkawa, ya ba da labarinsu, mutanen da suka zauna a bakin hanyar Sahara da ke gangarowa Kawar. Amma ni dai na fi yi maka kwaɗayin na farkon. Kuma kada ka yaudari kanka game da Larabcin: in tun barin zaure ba ka ƙara buɗe littafi ba, ka koma gaban malami a hutun nan, don nahawu kaɗai ba ya isa karanta rubutun likitoci da masu falsafa.

Sauran shirin aiki ne na haƙuri. Ka riƙe makinka, don tallafin da na lissafa kusan duka masu daraja ta ɗaya ko waɗanda suka kusa da ita suke ɗauka. Ka buɗe littafi ka riƙa rubuta duk abin da ka karanta da asalin harshen, marubuci da babi da yawan layuka, saboda jami'o'in Amurka suna tambayar wannan jeri, kuma ba sa ƙirga abin da aka karanta a fassara. Nassoshin suna nan kyauta a shafin Perseus, ƙamus kuma a Logeion, ga sharhohin kwalejin Dickinson masu sauƙaƙa wa ɗalibi. Waya da data sun isa ka karanta layi talatin kowace safiya. Ka fara koyon karanta Faransanci ko Jamusanci, za a nema daga baya. Wasiƙun shaida uku za ka buƙata, don haka ka je wurin malamanku uku da suka san aikinka tun yanzu, ka gaya musu burinka, kada ka bari sai saura mako guda ka tsaya musu a ƙofar ofis. Su ne ma suka fi kowa sanin inda ɗalibansu na baya suka tafi da wanda za a rubuta wa. Takardar sakamako tana ɗaukar lokaci kafin ta fito, ka neme ta da zarar an kammala. In ka lissafa, ka ga cewa lokacin da ya fi dacewa ka nema shi ne tsakanin Oktoba da Janairu na shekarar bautar ƙasarka. Kuɗin da za ka kashe na gaske su ne na fasfo, da jarrabawar Turanci in an nema, da na cike takarda, wanda jami'o'i da dama ke yafewa idan ka roƙa. Ka tara su daga alawus ɗin bautar ƙasa.

Kada kuma idonka ya tsaya a kan Ingila don kawai ita bakinka ya furta. Jami'ar Ghana da ta Cape Coast suna da wannan sashe. A Afirka ta Kudu akwai Cape Town da Stellenbosch da Pretoria. Jami'ar Alƙahira tana da sashen Girkanci da Latinanci mai daɗaɗɗen tarihi, wanda Ɗaha Husaini ya yi tsayin daka wajen kafuwarsa, kuma ga mai son haɗa Girkanci da Larabci, Masar wuri ne da ya dace, sannan suna ne da ba zai tayar wa Baba hankali ba. Yin digiri na biyu a gida ko a ɗaya daga cikin waɗannan, sannan a nemi na uku a waje da tallafi, hanya ce da mutane da yawa suka bi.

Mu dawo kan Baba, don shi ne ya hana ka barci, ba Oxford ba. Ka yi masa ƙarya, kuma ka san haka, shi ya sa zuciyarka ta ƙi kwanciya. Ban ɗauke ka maƙaryaci ba. Yaro ne kai da aka ƙure, ya ji za a raba shi da abin da yake so. Amma kowace rana da ta wuce, maganar tana ƙara yaɗuwa, kuma kunyar da zai ji a gaban abokansa tana ƙara nauyi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, gara ka fito da ƙafarka tun ba a zaƙulo ka ba. Ka fara da Yaya, a wannan makon. Ita ta fi cancantar ta fara ji, don ita ce ta kusa zuba guminta na watanni a hannun ɗan damfara saboda maganarka. Tana da nata gidan, wataƙila da 'ya'ya, kuma mai gidanta yana kallon inda albashinta ke tafiya ko da bai yi magana ba. Za ta ji zafi, ka bar ta ta yi faɗanta, kada ka kare kanka. Bayan ta huce ka nemi shawararta a kan yadda za a tunkari Baba, ita ta fi ka sanin lokacin da yake da sauƙin kai.

Baba kuma kada ka gaya masa ta waya. Ka je gida, ka same shi shi kaɗai, ko da Yaya, ko da wani kawu ko amininsa da yake jin nauyi. Ka durƙusa ka ce, "Baba, maganar da na gaya maka ta tallafi ban samu ba tukuna, tsoron kada ka cire ni ne ya sa na faɗa, ka yafe mini." Kada ka yi ta kwana-kwana, kada ka ce "ana kan hanya". Sai ka yi shiru. In ya yi fushi, haƙƙinsa ne. Abin da zai gaya wa abokan masallaci kuwa, ka bar masa. Dattijo ya san yadda zai ce abin bai tabbata ba tukuna, ana dai addu'a, kuma wannan gaskiya ce.

Ina so ka kuma saurari abin da yake faɗa da kunnen adalci, don rabin maganarsa daidai ne. Aikin koyar da wannan fanni a jami'a kaɗan ne, a nan da can ƙasashen waje duka. Jami'ar Howard ɗin da na ambata ma ta rushe sashenta na wannan karatu a 2021. Mutumin da kasuwarsa ta ja baya, yana kallon ɗansa namiji da yake sa ran zai tallafi ƙanne, in ya tambayi me karatun zai kawo, ba jahilci ne ya sa shi tambaya ba. Don haka kada ka je masa da zancen daɗin waƙar Homer. Ka je masa da wa'adi da hanya ta biyu. Ka ce ya ba ka ka ƙarasa shekara ɗayan da ta rage, don barin digiri a aji uku asarar duk abin da aka kashe ne. Ka ce za ka nemi tallafi a zagaye biyu kawai, lokacin bautar ƙasa da shekarar da ke biye. In bai samu ba, za ka koma karatun lauya ta hanyar shiga kai tsaye da digirinka, ko ka yi difilomar koyarwa, ko ka nemi aiki, kana taimaka masa a shago a tsakani. Kuma za ka iya gaya masa cewa sashen irin wannan na jami'ar Ibadan, wanda yake nan tun farkon jami'ar, shi ya yaye Emeka Anyaoku, wanda ya shugabanci sakatariyar ƙungiyar Commonwealth daga 1990 zuwa 2000, da Bola Ige, lauya kuma gwamnan tsohuwar jihar Oyo, da Gamaliel Onosode da ya shugabanci manyan kamfanoni. Ba cewa nake kowa zai zama su ba. Sai dai sun nuna cewa digirin ba ya ɗaure mutum a wuri ɗaya.

Sauran rabin maganarsa, ta gumaka, ina jin a nan za ku fi saurin fahimtar juna fiye da yadda kake zato, in ka bi ta hanyar da ya sani. Babu gidan malamai a ƙasar Hausa da ba a san Ahalari ba. To shi mai Ahalarin, Shehu Abdurrahman, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, shi ne kuma mai Sullamu, waƙen manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, da ake karantawa a zaurukanmu. Manɗiƙin nan kuwa silsilarsa tana bi ta littafin Isaguji na malam Abhari, ta koma ga gabatarwar da Porphyry ya rubuta da Girkanci a ƙarni na 3, ta tuƙe ga Arisɗo. A cikin Sullamun ma ya kawo saɓanin malamai: Ibnus Salahi da Nawawi sun hana, wasu sun ce ya kamata a sani, shi kuma ya rinjayar da halasci ga mai lafiyayyen hankali da ya riƙe Alƙur'ani da Sunna. Shehu Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare manɗiƙi a musayar baitoci tsakaninsa da Suyuɗi. Ka ga ashe tambayar da Baba yake yi tsohuwa ce, manyan malamai sun yi ta, kuma sun ba ta amsa da sharaɗi. Kada ka kai masa wannan a ranar neman gafara, kuma kada ka kai shi da sigar gardama, kamar kana koya masa. Ka bari sai ƙura ta lafa, ko ka roƙi malamin da ya koya maka nahawu ya yi masa bayanin, daga bakinsa zai fi shiga. Sharaɗin kuma ka cika shi a aikace: in Baba ya ga sallarka da karatunka na Alƙur'ani da ladabinka ba su ragu ba tun da ka tafi Kudu, rabin tsoronsa ya tafi.

Saura nauyin da ke kan Yaya na shekarar ƙarshe. Ka nemi rancen ɗalibai na NELFUND, wanda aka fara a 2024 don ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Ba shi da ruwa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, akwai ɗan alawus na wata-wata, kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya. Bashi ne, ka shige shi da sanin haka, kuma ka sanar da Baba kafin ka sa hannu. Ka leƙa hukumar tallafin karatu ta jiharku, ko abin da suke bayarwa kaɗan ne yana rage wani abu. Ka tambayi ofishin sashenku da na tsangaya kyaututtukan da ake ba ɗaliban da suka yi fice, don waɗannan su ne kyaututtukan da kai ne ɗan gida a cikinsu, kuma sunansu a takardarka zai yi maka amfani a gaban kwamitin waje fiye da kuɗin da ke ciki. Mai iya Larabci da Turanci kamarka kuma ba ya rasa yaran da zai koya wa darasi da yamma a unguwar Hausawa ta garin da kake.

In ka yi magana da Yaya da Baba, ka sake rubuto mini yadda aka ƙare, tare da batun da kake tunanin ɗauka a kundinka da jerin abin da ka karanta da Girkanci zuwa yanzu, mu duba wurare huɗu ko biyar da suka fi dacewa da kai. Allah Ya sanyaya zuciyar mahaifinka, Ya saka wa Yayarka da alheri, Ya yi maka jagora.